Gana-mas-go, akwati mai taya ko jakar goyo: da wacce za a kai yara wasa Abuja daga Sakkwato?

Da zarar an ba yara dogon hutu, ko Sallah ta gabato, gidaje da dama a Sakkwato sukan fara shawarar a kai su Abuja su ga Magic Land, wurin wasan nan da ke kusa da babban filin wasa na ƙasa, wanda a da ake kira Wonderland. Wasu kuma Kano suke nufa, yara su ga gidan zu na Audu Bako. Kuɗin mota da na masauki maigida kan lissafa su tun da wuri. Haɗa kaya ne ake bari sai daren tafiya, kuma a nan gardama take tashi. Maigida ya ce a zuba komai a Gana-mas-go a huta, uwargida ta ce akwati mai taya ya fi mutunci, yara kuma kowa yana son ya rataya jakarsa ta makaranta. Shawarata ita ce kafin a zaɓi jaka a raba kayan gida biyu: waɗanda za su zauna a masauki, da waɗanda za su shiga wurin wasan tare da ku. Kowane kashi da jakar da ta dace da shi.

Kayan masauki abin da za ku hau ne yake yanke musu hukunci. Idan motar haya za ku shiga daga babbar tasha, hanyar doguwa ce: Talata Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa, Zariya, Kaduna, sannan Abuja. Tafiyar wuni ce cur, kuma saboda halin da hanyar take ciki da asuba ake tashi don a isa da sauran rana. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli lodi a tasha ya san but ba ya rufuwa. Danna kaya ake yi, a hau kansu da gwiwa, a ja igiya a ɗaure. A irin wannan lodi babu kamar Gana-mas-go. Tana lanƙwasuwa ta shige duk lungun da aka cusa ta, ba ta da taya balle ta karye, ita kanta ba ta da wani nauyi, kuma ko ta yage asarar ba ta taka kara ta karya ba, don kuɗinta a Sabuwar Kasuwa ba a haɗa shi da na akwati. Akwati mai ƙarfin jiki kuwa ba ya risinawa. Ko dai a ɗora masa buhu ya tsage, ko igiya ta bi ta kan hannunsa ta lanƙwasa shi, ko 'yan lodi su ce ya ci wuri da yawa sai an ƙara kuɗin kaya.

Amma Gana-mas-go tana da nata aibun, kuma ba ƙarami ba ne ga mai yara. Zif ɗinta ba ya jure matsi, hannunta kan tsinke daidai lokacin da aka ɗaga ta, ƙura tana shiga ta bakin zif, kuma komai a cikinta cakuɗewa yake yi. Ku isa masauki da dare, yaro yana gyangyaɗi a tsaye, sai an zazzage jaka gaba ɗaya a kan gado kafin a ga rigar barcinsa. Duk waɗannan suna da magani mai sauƙi. Matsakaita biyu sun fi ƙatuwa ɗaya, don ba za a cika su har su kumbura ba, kuma mutum ɗaya zai iya ɗaukar kowacce. Kwana biyu kafin tafiya a kai su wurin tela ya ƙara bin hannun da ɗinki. Sannan kayan kowane yaro a zuba su a rigar filo daban, kayan kowace rana a naɗe su tare, riga da wando da kamfai da safa, yadda da safe hannu ɗaya za ki sa ki ciro. A shimfiɗa babbar leda a ciki kafin a zuba kaya, ita za ta tare ƙura da yayyafi.

Idan motar gida ce, maigida ne da but ɗinsa, babu mai danna muku kaya, to akwati ya fi. Kaya ba sa yamutsewa, shaddar da aka goge za ta isa a goge, kuma a masauki shi ne durowarku.

Jirgi kuma lissafinsa daban. Daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III zuwa Abuja tafiyar kusan awa ɗaya ce, amma a nan sikeli ne mai magana. Yawancin tikitin cikin gida suna ba mutum tsakanin kilo 20 zuwa 23 na kayan da za a sa a cikin jirgi, da kilo 6 ko 7 na hannu, kuma akwai tikiti mai rahusa da bai kai haka ba, don haka a karanta abin da aka rubuta a naku. Babban akwati mai ƙarfin jiki shi kaɗai, babu komai a ciki, yakan ci kilo 4 ko 5 daga wannan kason. Ta fuskar nauyi ke nan Gana-mas-go ta fi. Sai dai kayan jirgi a kan bel ɗin na'urar jan kaya suke bi, ana jifa da su, kuma jaka mara siffa tana maƙalewa. A ƙarshen 2023 kamfanin Ethiopian Airlines ya daina karɓar irin wannan jaka daga Najeriya sai an sa ta a kwali, saboda ɓarnar da take yi wa na'urar jan kaya. Ba kowane kamfani ne yake da wannan doka ba, amma ta nuna inda matsalar take. Ni ga mai hawa jirgi akwatin yadi mai taya biyu nake zaɓa: ya fi mai ƙarfin jiki sauƙin nauyi, kuma tayoyinsa a nutse suke a jikinsa, ba sa saurin ɓallewa kamar ƙananan tayoyin nan huɗu da ke tsaye a waje. Wuƙar ɓare lemo da almakashi su tafi a babban akwati. Batirin cajin waya kuwa dole a jakar hannu zai zauna, ba a yarda a sa shi a kayan ƙasa ba. Kwalbar humra da man shafawa a ƙulle su a leda biyu, don humra ɗaya idan ta zube ta ishi akwati guda.

Sai batun ko kowane yaro ya riƙe jakarsa. Yana da daɗin gani, yana kuma koya wa yaro kula da kayansa, amma a duba shekaru. Wanda ya kai aji huɗu ko biyar na firamare zai iya. Ɗan shekara huɗu kuwa minti goma zai rataya ta ya ce ya gaji, ta dawo hannun uwa. Kowace jaka da aka ƙara abin ƙirgawa ce a tasha, a wurin cin abinci a Funtuwa ko Zariya, da ƙofar masauki, kuma hankalin da ya kamata ya tsaya a kan yara sai ya rabu. Tsofaffinmu sukan faɗa idan suka ga an jibge kaya a tsakar gida: "Mi za ki yi da kayan ga duka, ɗiyata? Kwana ukku na hwa, ba ƙaura za ku yi ba." Gaskiyarsu ne. Kayan sawa na yawan kwanakin da za a yi da ƙarin guda ɗaya ga kowane babba, biyu ga kowane ƙarami, sun wadatar. A bar gurbi don tsaraba.

Yanzu ga kashin da ya fi muhimmanci, wanda kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi: jakar da za ta shiga wurin wasan. Galibi abin da ke faruwa shi ne uwargida ta ɗauki jakarta ta hannu, ta biki, ta cusa famfas da gorar ruwa da biskit, ta rataya a kafaɗa ɗaya. Kafin azahar kafaɗar ta sage, hannu ɗaya yana riƙe da jaka, ɗayan yana gyara mayafi, babu hannun da zai kama yaron da ya hango motocin karo ya zabura. Wasu kuma kular abinci suke ɗauka niƙi-niƙi, sai ya zama dole mutum ɗaya ya zauna gadinta a inuwa wuni guda, bai ga wasan yaransa ba. Jakar goyo, mai hannu biyu, ta fi su duka a wannan wuri, saboda dalili ɗaya: tana barin hannuwa biyu a sake. Kuma maigida ne ya kamata ya goya ta, ko babban yaya idan akwai. Uwa ta riga ta ɗauki nata nauyin. Ita abin da ya dace da ita ƙaramar jaka ce mai dogon hannu da za ta saƙala ta ƙirji a ƙarƙashin hijabi, ta sa waya da kuɗi da katin banki.

A zaɓi jakar goyo mai aljihun gora a gefe, mai faɗin hannu don kada ta yanki kafaɗa. Tsohuwar jakar makarantar yara ma ta yi, in dai zif ɗinta lafiya lau. Abin da zai shiga cikinta yana da iyaka, kuma ruwa ne kan gaba. Ruwan leda ya fi araha amma yana fashewa a jaka ya jiƙa komai, kuma da an fasa shi sai an shanye. Gora mai murfi ta fi. Idan masaukinku yana da firiji, a sa gora biyu su daskare da dare, su za su riƙa narkewa a hankali har la'asar. A naɗe su a ƙaramin tawul don kada raɓarsu ta jiƙa kaya, tawul ɗin kuma ya yi amfani wajen goge wa yara fuska.

Bayan ruwa sai kayan canji, saiti ɗaya ga kowane ƙaramin yaro, da leda biyu ko uku na zuba jiƙaƙƙen kaya. Wannan ba don ƙazanta kaɗai ba ne. Yaranmu sun saba da zafin Sakkwato, wanda a Afrilu yake haura digiri 40, amma zafi ne busasshe, gumi yana fitowa yana bushewa. Abuja da damina iskarta da laima, gumi zama yake yi a jiki, riga ta manne. Ga shi ruwan da Abuja take samu a shekara ya ninka namu, daminarsu tana farawa tun Afrilu ta kai Oktoba, yayin da tamu ba ta kankama sai Yuni. Dogon hutun makaranta kuwa Agusta yake faɗawa, tsakiyar ruwa. Tsakanin lema da rigar ruwa, ga yara rigar ruwa ta leda mara nauyi ta fi, don yaro ba ya tafiya a ƙarƙashin lema, kuma a cunkoso tsinkenta yana iya tsone wa wani ido. Lema ɗaya mai naɗewa ta ishi manya, tana maganin rana tana maganin ruwa. Idan kuwa tafiyar hutun Disamba ce, a manta da rigar ruwa, a sa basilin ko man kaɗanya saboda leɓe, da rigar sanyi mara kauri don yamma.

Tufafin ranar wasa suna buƙatar a tsaya a kansu, domin a nan kwalliya da lafiya suke karo. Mu mutane ne masu son ado, kuma wanda ya kai yaransa Abuja yana son hoto ya yi kyau. Amma shadda mai sitaci da leshi mai duwatsu ba kayan hawa lilo ba ne: suna riƙe zafi, suna kartar fatar yaro, kuma ba ya iya buɗe ƙafa ya hau abu. A yi hoton kwalliyar a masauki ko a lambun shaƙatawa na Millennium Park da yamma, ranar wasa kuma a sa yadin auduga mai laushi. 'Yan mata a sa musu dogon wando a ƙarƙashin riga, don su hau duk abin da suke so hankalinsu kwance. Abin da na fi so iyaye mata su ji shi ne batun hijabi da mayafi. Duk abin hawa mai juyawa ko mai taya yana iya kama gefen yadin da ke lilo, kuma yadin a wuya yake. Dogon hijabi mai jan ƙasa da mayafin da aka yafa kawai ba su dace da wannan wuri ba. Gajeren hijabi mai roba da ke tsayawa a ƙirji, wanda za a iya cusa gefensa a cikin riga kafin a hau, shi ne daidai, ga yarinya da ma uwar da za ta raka ta. Sutura ba ta ragu ba, haɗari kuwa an kauce masa. Maigida ma ya bar babbar riga a masauki, hula kuma a cire ta a sa a jaka kafin a hau abin da ke tashi sama. Takalmi ya zama mai maɗauri ko kambas. Silifas yana fita daga ƙafa a sama, kuma ba za a tsayar da injin don a ɗauko shi ba. Sabon takalmin Sallah da ba a taɓa yawo da shi ba a bar shi, zai yi wa yaro kanta kafin la'asar.

Anko kuwa a nan yana da amfanin da ya wuce ado. Idan yara huɗu suna sanye da launi ɗaya mai haske, kallo ɗaya za ki yi ki ƙirga su a cikin taro. A rubuta lambar wayar uba da ta uwa a takarda a sa a aljihun kowane yaro, wanda bai iya magana sosai ba a maƙala masa da fil a cikin riga. Da an shiga ƙofa a ɗauke su hoto a waya, don in wani ya ɓace a nuna wa masu gadi kayan da ke jikinsa a ranar. A kuma nuna wa manyansu wuri ɗaya a ce, "Duk wanda bai gan mu ba ya zo nan ya tsaya, kada ya bi kowa."

Jariri fa, goyo ko keken turawa? Keken yana hutar da baya, yaro yana barci a ciki, ana kuma rataya kaya a jikinsa. Ga mai motar gida ko mai jirgi ba laifi. A motar haya kuwa wahala ce, zai ci wuri kuma da wuya ya isa lafiya. Zani da majanyi ba su da nauyi, kuma zanin ya zama shimfiɗa idan an sauke yaro. Sai dai goyo yana nufin bayan uwa a cike yake, wanda ya ƙara tabbatar da cewa jakar ta uba ce.

Abinci kuma, na gida ko na can? Abincin irin waɗannan wurare yana da tsada, ga layi a ranar Sallah ko Asabar, kuma ba kowane yaro ne cikinsa yake karɓar baƙon abinci ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Amma a zaɓi abin da ke jure zafi: kilishi, dambun nama, cincin, ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa. Fura da nono, duk son da muke yi mata, ba ta wuni a jaka. Za ta yi tsami, murfi ya buɗe. Dafaffiyar shinkafa da miya ma a bar su a masauki. Wasu wuraren wasan ba sa barin a shiga da abinci daga waje, don haka a tambaya tun kafin a fita, a tambayi kuma lokacin buɗewa da kuɗin shiga. Tsakaitawa ta fi: ƙwalama daga gida, abincin rana kuma ko a saya a can ko a fita a ci a dawo, in suna yarda da hakan. Kada a cika wa yaro ciki sannan a ɗora shi a abin da ke juyawa, a ba shi lokaci abincin ya faɗa.

Magunguna kaɗan ne amma kada a bar su: farasitamol na yara, filasta, da ledar gishiri da sukari ta kemis saboda gudawa, a haɗa ta yadda aka rubuta a jiki. In babu ita, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaron da ke da asma ko sikila maganinsa a jakar goyo zai zauna, kuma mai sikila a riƙa tuna masa shan ruwa ko bai nema ba, kada kuma a bar shi da jiƙaƙƙen kaya a jiki. Gidan sauro kashin masauki ne. Mai naɗewa ba ya cin wuri, kuma ba kowane ɗakin baƙi ne yake da shi ba. Kuɗi a riƙe iri biyu, kati da tsaba, don intanet kan yanke a daidai lokacin da ake kan layi, kuma canji ƙanana suna sauƙaƙa sayen ruwa. Dardumar sallah mara kauri guda ɗaya ta isa, a riƙa karɓa-karɓa, a nemi inda ake alwala tun da aka shiga.

Akwai abu ɗaya da ba ya shiga jaka amma a gida ake yin sa. A irin waɗannan wurare da tsawo ake tantance wanda zai hau manyan abubuwa, shekaru ba sa aiki. A tsayar da yara a jikin bango a auna su da tef ɗin tela, sannan a gaya wa ƙaramin tun a Sakkwato cewa akwai abin da yayyensa za su hau shi ba zai hau ba, akwai kuma nasa. Kukan da zai yi a gida ya fi sauƙin lallashi a kan wanda zai yi a gaban layi.

Idan Inna ko Gwaggo za ta bi ku, lissafin yana ɗan sauyawa. Ba za ta iya tsayuwar layi ba, don haka ƙaramar tabarmar roba mai naɗewa ta shiga kaya, a samo mata inuwa kusa da bayan gida da wurin sallah. Maganinta na hawan jini ko na suga, da ɗan abin da za ta sa a baki a kan lokaci, su zauna a hannunta. Tunda akwai mai zama wuri ɗaya, a wannan karon ƙaramar kula ta halatta, a ajiye ta gefenta da ruwan sanyi da kayan canjin yara, jakar maigida ta ragu, a kuma bar mata waya mai caji da lambobinku a sama-sama.